BENCI DA BEL A TSOFAFFIN MOTOCIN DAJI: ABIN DA YA KAMATA A DUBA A ƘASAR BIRNIN GWARI

Tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe saboda ta'adin 'yan bindiga, hankalin jama'a ya koma kan sufuri a wannan yanki. Manoma sun koma gonakin da suka gudu suka bari, fatake kuma suka sake bin hanyar Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 120, da wadda ta nufi Funtuwa ta wajen Tsohon Birnin Gwari. Amma akwai wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, watau irin motocin da ke ɗauko mutane daga ƙauyuka zuwa bakin titi, da yadda ake zaunar da su a ciki.

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar daji ce. Gandun Dajin Kamuku kaɗai, wanda ya zama gandun Tarayya a 1999, ya zarce murabba'in kilomita 1,100, kuma yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Yawancin hanyoyin ƙauyukan ba su da kwalta, da damina kuwa laka da rafuka sukan hana ƙananan motoci wucewa. Saboda haka, ban da babur, abin dogaro shi ne mota mai jan ƙafa huɗu ko a-kori-kura, kuma abin da talaka ke iya saye shi ne tsohuwa.

Uwar irin waɗannan motoci ita ce Land Rover, wadda aka fara fito da ita a Ingila a 1948. A zamanin En'e da ita malaman daji da malaman gona da na asibiti ke rangadi. Maƙeranta sun yi ta ne don aikin gona da ɗaukar kaya, shi ya sa aka jera benci biyu a bayanta suna fuskantar juna, ta yadda doguwar samfurinta ke ɗaukar mutum 10 ko 12. Wannan tsari masu walda na ƙasar nan suka gada, suke kwaikwayonsa a bayan Land Cruiser da Hilux da tsohuwar Peugeot irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. A kafa benci na katako ko na ƙarfe, a rufa tamfol, shi ke nan motar kaya ta zama ta fasinja.

Su kansu masu Land Rover sun bar wannan tsari. A 2007, saboda ƙa'idodin kiyaye haɗari na ƙasashen Turai, suka cire bencin gefe daga samfurin Defender, suka sa kujeru masu fuskantar gaba, kowace da bel ɗinta. Doguwar motar ta koma ɗaukar mutum 7. Dalili kuwa a fili yake. Idan mota mai gudun kilomita 50 a sa'a ta yi karo ta tsaya nan take, abin da jikin fasinja zai gamu da shi daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Wanda ke zaune a kaikaice ba shi da abin da zai tare shi sai kafaɗar maƙwabcinsa, sai mutanen benci guda su taru su danne na gaba. In kuwa motar ta kife, tamfol ba ya hana kowa faɗowa waje.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ran 1 ga watan Janairu na 2003 hukumar ta fara tilasta ɗaura bel, kuma Ƙa'idodin Hanya na Ƙasa na 2012 sun bukaci a sa bel a kujerun gaba da na baya, kowa kuma ya ɗaura muddin mota na tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Sauran ƙasashe ma sannu a hankali suka kai nan: injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai maƙalai uku a 1959, amma Ingila ba ta wajabta shi ga na gaba ba sai a 1983, ga manya na kujerar baya kuwa sai a 1991.

To, sai dai wajabta bel abu ne mai sauƙi a takarda, kafa shi a motar da ba a ƙera ta da gurbinsa ba shi ne aikin. A nan ne jahilci kan yi ɓarna. Ƙarfin bel yana ga wurin da aka ɗaure shi. A gwajin da ake yi a Turai, akan ja ɓangaren cinya da na kafaɗa da ƙarfin da ya wuce nauyin tan guda kowannensu. Bodin tsohuwar Land Rover kuwa na alminiyam ne mai laushi, ginshiƙan da ke ƙarƙashinta kuma na ƙarfe ne. Duk wanda ya huda bodi ya ɗaura bel da noti, ranar haɗari notin zai yaga bodin ya fito kamar an tsaga takarda. Dole a kai maɗaurin ga ginshiƙan ƙarfen, ko a sa faffaɗan faranti na ƙarfe a ƙarƙashi don ya raba nauyin. Har ila yau, inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam cikin danshi, alminiyam ɗin yakan ci ya zama gari, don haka sai an duba wurin kafin a huda, an kuma sa abin da zai raba su.

Ita ma kujerar haka take. Bel mai kyau a jikin kujerar da aka ɗana da ɗigon walda huɗu ba shi da amfani, domin kujerar za ta tumɓuke ta tafi da mai ita. Bel na cinya kaɗai a bencin gefe kuwa yana iya hana mutum faɗowa waje, amma ba ya hana wuyansa da ƙugunsa murɗewa. Bugu da ƙari, bel ɗin gwanjo da aka ciro daga motar da ta taɓa yin haɗari ya riga ya miƙe, bai kamata a sake amfani da shi ba. Buhunan masara da ake tarawa tare da fasinja su ma suna bukatar shinge, domin buhu mai kilo 100 yakan zama abin kisa idan mota ta tsaya farat ɗaya.

Direbobi suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Motar da ke ɗaukar mutum 12 in ta koma 7, kuɗin mota zai tashi, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tafiya ta riga ta yi wa talaka tsada. Wanda ya kasa biya zai koma babur, inda haɗarin ya fi yawa. Wasu fasinjoji kuma, saboda abin da suka gani a shekarun tare hanya, suna tsoron bel zai riƙe su a lokacin da ake bukatar gudu. Amsar wannan ita ce, danna maɓalli ɗaya ke kwance bel, kuma gudun da direbobi suka saba yi don tsere wa 'yan bindiga shi ne babban dalilin ɗaura shi. Maganar kuɗi ce ke bukatar dabara, domin doka da ta fi ƙarfin aljihun jama'a takan ƙare a cin hanci a bakin shinge.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bi abin daki-daki. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su fara da motocinsu, musamman masu ɗaukar malaman asibiti da ma'aikatan zaɓe da ɗalibai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana iya zana tsarin kujera da maɗauri mai araha ga kowane samfurin mota, a koya wa masu walda na Panteka da na Birnin Gwari. Jami'an duba lafiyar motoci su riƙa leƙa ƙarƙashin mota su ga inda aka ɗaure kujera, maimakon tsayawa ga takardu. Ƙungiyar direbobi, wadda ita ke da iko a tasha, ta hana haɗa mutane da kaya ba shinge, a kuma ba masu motoci wa'adi kafin a fara tara.

Mutanen wannan yanki sun yi asarar rayuka masu yawa a hannun 'yan bindiga. Ba daidai ba ne wanda Allah ya tsirar daga wancan bala'i ya rasa ransa a kan hanyar kasuwa saboda benci da noti huɗu. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, kuma wannan rigakafin bai fi ƙarfin hukuma ba.