Ra'ayinmu: A Haɗa Dattawa Su Yi Hirar Sarakuna

A ƙasar Ingila, gidajen kula da tsofaffi suna da wata al'ada. Akan tara dattawa wuri guda, a ajiye musu tsofaffin hotuna da kofunan tunawa da naɗin Sarauniya Elizabeth na ranar 2 ga Yuni 1953, a bar su su yi ta hira. Tsohuwar da ta manta abin da ta karya kumallo da shi, sai ka ji ta kawo sunan maƙwabcin da aka cunkusu a ɗakinsa kallon bikin a talabijin. Ciwon mantuwa sabon abu yake fara cinyewa, na ƙuruciya yakan daɗe.

Mu dai ba ma kai iyayenmu irin waɗannan gidaje, muna ma alfahari da haka. To amma mu gaya wa kanmu gaskiya: ɗan kasuwar da ya kama hanyar Jibiya, Maigatari ko Ƙonni tun asuba, wa ya bar wa tsohonsa? Tuwo da goro ba sa korar kaɗaici.

Alhali a gidajenmu akwai sauran waɗanda suka ga hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar a Kaduna a 1956, da waɗanda suka yi fatauci zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa: ranar da kasuwa ba ta ci, a haɗa dattawan unguwa a zaure ɗaya, a kawo shayi da hotunan hawan salla, a zaunar da jikoki kusa su riƙa tambaya.