Sadakar arba'in da bashin da ba a biya ba

A ƙasar Meksiko, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, iyalai kan kafa teburi a cikin gida don tunawa da mamatansu. A kai suke jera hoton marigayi da kyandir da ruwa da gishiri da furanni ruwan ɗorawa, har da abincin da ya fi so yana raye. Musulmin Kongolam da ya ci karo da wannan a wayarsa zai yi a'uziyya, kuma yana da hujja, domin matacce ba ya cin tuwo. Sai dai kafin ranar ta zo, mutanen nan sukan je makabarta su nome ciyawa, su share kaburburan iyayensu, su gyara abin da ya lalace.

A ƙasar Daura kuwa, tunawa da mamaci ta taru a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 muhawara ta ƙara zafi a kansu, wasu na cewa bidi'a ce, wasu na cewa sadaka ce da ladanta ke isa ga mamaci. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja, alhali abin da kowane ɓangare ya yarda da shi na nan yashe.

Babu malamin da ke jayayya cewa ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado. Amma sau nawa ake ganin gidan da aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru, aka sauke tukwanen shinkafa, dangi suka tsallako iyaka daga Matameye da Damagaram, ga kuma mai shagon da ke bin marigayin kuɗin gero zaune a cikin taron, kunya ta hana shi buɗe baki? Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, ita ake bari da bashin kujerun. Marayu su bar makaranta kafin shekara ta zagayo.

Kabarin ma ba a sake waiwayarsa. Damina ɗaya ta isa ta rufta shi, akuyoyi su mai da wurin makiyaya, ɗan da ya yi rabon waina ranar arba'in ya zo bayan shekara biyu yana tambayar mai gadin makabarta inda aka sa mahaifinsa.