A Sanar Da Maƙwabci Kafin A Sa Hannu

Jama'ar ƙasar Daura, ku kasa kunne. Yau talaka ya kan kwanta da maƙwabcin da ya sani, gari ya waye ya ga tifa ta zube yashi a ƙofar gidansa. In ya tambaya, sai a zaro masa takarda mai hatimi a ce an ba da izni. Wa ya ba da shi? Yaushe? Wa aka shawarta? Shiru ka ke ji.

Da can ba haka mu ke ba. In mutum zai yi gini, mai unguwa ya kan kira maƙwabta su tsaya a kan iyaka su shaida, a san ta inda rariya za ta bi. Malamanmu kuma sun karanta a Risala cewa ba a yarda mutum ya buɗe tagar da zai riƙa leƙen maƙwabcinsa ba, ko ya yi ƙofa daura da tasa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi.

Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuwa a hannun ƙaramar hukuma. Dokar ta ce amana ce aka ba su domin jama'a. To, wane irin mai amana ne zai sa hannu a kan takardar gidan mai, ko injin niƙa, ko bene mai hangen tsakar gidan mutane, bai ko aika wa masu gidan ba?

Daura ta cika ta batse. A 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, a 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda ya ratsa ƙasarmu. Fuloti ya yi daraja, masu kuɗi sun yi ca. Ba mu ƙi ci gaba ba. Abin da mu ka ƙi shi ne a yi shi a kan wuyan talaka.

Masu mulki za su ce sanarwa ɓata lokaci ce. A Ingila, inda su ka koyo aikin ofis, a kan sanar da maƙwabta a ba su kwana 21 su faɗi ta bakinsu, ginin London kuwa bai tsaya ba. Za su ce wanda aka cuta ya tafi kotu. Ina talaka ya ga kuɗin lauya? Ƙara bayan an zuba dakin ai ihu ne bayan hari. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Tsohuwar da ta yi damina hamsin a unguwa ta fi safiyo sanin inda ruwa ke kwanciya.

Saboda haka mu na kira ga Majalisar Dokoki ta Katsina ta yi doka. Kada a ba da iznin gini sai an kai wa kowane maƙwabci takarda da Hausa, boko da ajami, mai unguwa ya shaida. A kafa allo a filin, a jira kwana 21. Iznin da aka bayar a ɓoye kuwa a soke shi, ko na wane ne.

Mutanen Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, kada ku ce wannan ta cikin birni ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.