Bayan da Ya Ɗauki Dalar Gyaɗa

Duk sanda aka tashi yabon Kano ta da, sai an ciro hoton dalar gyaɗa. Mun gan shi a littattafan makaranta, mun gan shi a bangon ofisoshi, kuma har gobe muna jin daɗin kallonsa. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka rungumi cinikinta, buhuna suka yi ta taruwa a fili irin na Ƙofar Mazugal suna jiran jirgin da zai kai su Legas. Sai dai ba inji ne ya jera buhunan nan ba. Lebura ne yake sunkuyawa, abokansa biyu su ɗora masa buhu, ya taka waɗanda aka riga aka jera har ya kai ƙololuwa, ya sauke, ya sauko ya karɓi wani, tun hantsi har la'asar.

Da yawanmu mun riski waɗannan bayin Allah a ƙarshen rayuwarsu. Mutum bai kai sittin ba ya ranƙwafa, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. A masallaci yana can gefen sahu yana salla a zaune, don ruku'u ya gagare shi. Mu kuwa sai mu ce sanyi ne, ko tsufa. A kira wanzami ya kafa ƙaho, a shafa man zafi, a yi masa sannu. Kalmar diyya ba ta shigowa cikin hirar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke da ciwo shi ne tun 1941 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, gwamnatin soja kuma ta sabunta ta a 1987. Amma a wancan lokacin nauyin biya a kan mai aiki yake, in ya turje sai an je kotu. Ina wanda ake biya a kan kowane buhu, wanda sunansa ba ya cikin littafin kowa, zai samu lauya?

Dala ta ɓace, dako bai ɓace ba. A leƙa kasuwar Dawanau da safe a ga samari suna sauke tirela, a je wurin gini a ga yaro da buhun siminti mai kilo 50 yana hawa bene, a shiga masana'antun Sharaɗa da Bompai. Ga ma'aikaciyar jinya da ke cicciɓar majinyaci daga gado, ga direban da ke kwana a kan sitiyari. Wasu ma ƙwaya suke haɗiya don jiki ya yi shiru, alhali jiki magayi ne.

Bambancin yau da jiya shi ne dokar diyyar ma'aikata da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na 2010. Ta wajabta wa mai aiki ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma hana shi cire kuɗin daga albashinsu. Daga wannan asusu ake biyan magani da diyya, ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin maigidansa ba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da fatar baki, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da ɗan aikin gida, har da haɗarin da ya same shi a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. In manaja ya miƙo takarda ya ce a sa hannu an yafe diyya, wannan takarda ba ta da ƙarfi a doka. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba, yana da damar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ciwon baya yana da wata illa da karaya ba ta da ita: ba jini, ba kumburi, babu abin nunawa. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya zai iya gocewa ya danne jijiya, mutum ya ji tsam kawai, ya ƙarasa aikinsa. Bayan kwanaki sai zogi ya gangara cinya, ƙafa ta fara mutuwa. A nan haƙurinmu yake cutar da mu, domin doka ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai aiki, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara 1. Mai cewa bari ya ga ko zai lafa, kwanakinsa ne ke tafiya. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi, kuma kunyar maigida ba za ta ciyar da yara ba ranar da aka sallami mutum.

Don haka 'yan'uwana, in ɗanku ko ƙanenku ya dawo daga aiki yana riƙe da ƙugu, ku zaunar da shi a rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da kayan da ya ɗauka, da sunan wanda ya gani. A kai takardar ga shugabansa a riƙe kwafi, a je asibiti a karɓi rahoton likita tun kafin a nemi wanzami. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan dako da leburori, ku je ofishin NSITF na jiharku ku tambaya ko an yi wa mutanenku rajista.