Mu Adarawa ne za mu ce a kori baƙi?



Akwai maganar da ke yawo a fada da wasap: wai baƙi sun cinye muna aiki, a matsa musu har su tattara nasu ya nasu. Wallahi kunya ta kama mu. Mu Adarawa ne ke faɗin haka? Ku zaga Kalfu, Barmu, Afala da Takanamat bayan an yanke hatsi, ku ƙirga samari nawa sunka rage. Saura suna Abijan, Kumasi, Legas, Libiya. Gidajen siminti nawa ne cikin garin ga aka gina da kuɗin bida?

Kuma mun san ɗacin kora. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu sati biyu su bar Gana, mutanenmu sunka dawo da ƙunshi bisa kai. A 1983 Najeriya ta Shagari ta yi irinta. Dattawan Abijan kuwa, ku tambaye su wahalar takardar zama a shekarun 1990.

Ba mu ce a bar iyaka sake ba. Wanda ya tuna kisan Tiliya na 2021 ya san dole ƙasa ta san wa ya shigo. Dokar shiga da zaman baƙi da Janar Tiani ya sa wa hannu a Janairun 2025 ta zo da hukunci mai tsanani, har mai masauki sai ya shaida wa ƴan sanda baƙonsa. To, sanda mun gan ta. Ina ƙofa?

Makaniken da ya taso daga Sakkwato, magini ɗan Togo, mai gyaran sola, mai jarin da ke son sarrafa albasar Galmi maimakon ta riƙa ruɓewa a rudu, waɗannan ba su kamata su bi layi guda da wanda ba a san abin da ya kawo shi ba. A ware musu takarda tasu: kuɗinta a rubuce, kwanakin jiranta a rubuce, a yi ta nan Tawa, ba tare da ɗan tsakiya ba. Sharaɗi kuma a fili: ka ɗauki yaranmu, ka koya musu, ka biya lanho. Ga ɗaliban Jami'ar Jibo Hamani nan suna neman wajen koyon aiki. Wanda ya ƙi, kar a sabunta mishi.

Abu guda da masu ihun kora ke mantawa: tun 29 ga Janairun 2025 mun hita CEDEAO. Ƙungiyar ta ce ƴan Nijar su ci gaba da shiga ƙasashenta ba biza, amma har zuwa wata sanarwa. Ranar da Abijan ko Akara sunka ce za su auna mu da mudun da munka auna nasu, ƴaƴanmu ne da motocin albasarmu za su kwana bakin iyaka.