Idan Mai Ciwon Suga Ya Ƙi Abincin Da Aka Tsara Masa

Kwanakin baya wani matashi daga Gwandu ya zo karɓar maganin mahaifinsa a ɗakin magani na asibitinmu. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Malam, Baba ya ƙi cin abinci kwana biyu ke nan, amma alhamdu lillahi maganinsa bai taɓa tsallakewa ba." Ya faɗi haka ne da alfahari, ni kuwa gabana ya faɗi, domin maganin da dattijon ke sha shi ne glibenclamide.

Da na bincika, sai na tarar tun da likita ya ce Baba yana da ciwon suga aka ware masa tukunya. Safe wake, rana tuwon alkama, dare wake, alhali sauran iyali na cin tuwon shinkafa da miyar kifi a gabansa. Mutumin da ya shekara 70 yana shan fura da nono, rana ɗaya aka raba shi da duk abin da ya saba. Ba abin mamaki ba ne da ya ture kwano.

Ra'ayina shi ne, ware tukunya kuskure ne da muke yi da sunan ƙauna. Alkama ma sitaci ce, tana komawa suga a jini kamar shinkafa da gero da dawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan abin da aka ci, da abin da aka haɗa shi da shi, da lokacin da aka ci. A raba faranti gida huɗu: biyu ganye irin su zogale, rama, alayyahu da kuɓewa, ɗaya kifi ko nama ko wake, ɗaya tuwo ko shinkafa. Duk waɗannan ana samun su a kasuwannin Kalgo da Gwandu. Fura kuma a rage yawanta, a dama ba sukari. Idan gida duka ya koma wannan tsari, mara lafiya ba zai ji an mai da shi saniyar ware ba, 'ya'yansa ma sun amfana, tunda ciwon yakan bi jini.

Wani zai ce sassauci na iya sa suga ya hau. Gaskiya ne, kuma hawansa na lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a tsawon shekaru. Amma saukarsa na iya kashe mutum a dare ɗaya. Allurar insulin da ƙwayar glibenclamide suna sauke suga ko an ci abinci ko ba a ci ba. Shi ya sa jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo wannan matsala.

Idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ko aka ga gumi, rawar jiki da rikicewar magana, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A garzaya asibiti.

Ƙin cin abinci ma kansa yana iya zama alamar zazzaɓi, ciwon haƙori ko damuwa. Don haka duk ranar da mara lafiya ya ƙi ci, a tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magunguna a ranar kafin a ba shi magani yadda aka saba, kada kuma a dakatar da insulin gaba ɗaya ba tare da shawararsu ba.

Na mai da matashin wurin likita a ranar, aka sauya wa Baba magani. Shawarar da na ƙara masa ita ce su tambayi dattijon abin da ransa ke so, su auna masa daidai, su zauna su ci tare da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.