Wa Ke Komawa Ƙauye Bayan An Ɗauki Hoto?



Makon nan da kanmu za mu fara. Shekara biyu da suka wuce, mu 'yan ƙungiyar marubuta na cikin badala muka yi karo-karo, wani attajirin unguwarmu ya cika mana, muka sa aka haƙa rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa a wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Ranar buɗewa dagaci ya sa albarka, muka ɗauki hotuna, muka dawo ta Ƙofar Mazugal muna jin mun yi abin kirki. Bara da rani ɗayanmu ya je ɗaurin aure can, ya tarar famfon ya fi wata shida a lalace, 'yan mata sun koma ɗiban ruwa a tafki. Da ya tambayi abin da ya hana a gyara, wani dattijo ya ce masa: "Ai naku ne, ɗana. Ku muke jira."

Dattijon bai yi ƙarya ba. Ba mu zauna da mutanen garin ba kafin a fara aikin. Ba a koya wa kowa gyara ba, ba a kafa asusun sayen kayan gyara ba, matan da ke ɗibar ruwan kuwa ko tambayarsu ba mu yi ba. Sunanmu ne a allon, don haka ɗawainiyar ma tamu ce. Irin wannan kuskuren manyan ƙungiyoyin agaji ma suna yin sa, sai dai nasu kuɗin ya fi yawa.

Mu leƙa Maraɗi. A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin agaji ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa, akasarinsu suna mutuwa saboda rana da iska da awaki. A 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da ake sassabewa a gonaki toho ne daga kututturan tsofaffin bishiyoyi, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Lokacin yunwar 1984 an riƙa ba manoma abinci don su bar tohon, kuma da abincin ya ƙare, da yawa suka sare. Waɗanda suka bari ne suka ga amfani: itacen girki, abincin dabbobi, inuwa, da ƙasa mai riƙe danshi. Daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. Yau ana ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200. Aikin da aka biya mutane su yi ya tsaya tare da biyan; wanda suka ga nasu ne ya ɗore.

Wannan ba ya nufin ƙauye ba ya buƙatar na waje. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF ne suka gano cewa gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ce ke kashe yara a ƙauyukan Zamfara, inda kimanin yara 400 suka rasu. Babu gayyar da za ta samar da maganin wannan. A Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka, jinya ma ba ta yiwu ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari kuma suka maƙale. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka dage da yayata labarin kafin a saki kuɗin a farkon 2013. Nan ma ba kyauta kaɗai ta yi aiki ba, har da masu bin sawu.

To, ina namu aikin? A yawancin littattafanmu ƙauye wuri ne da ake ɗauko baƙauyiya a kai ta gidan Alhaji, ko inda jarumi mai kuɗi zai je ya raba buhunan shinkafa kowa ya yi ta godiya. Da wuya mu bar mutumin ƙauye ya yi magana a matsayin mai ra'ayi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labarin ranar buɗe aiki kowa zai iya rubutawa daga ɗakinsa. Labarin shekara guda bayan nan sai wanda ya taka ya je.

Shawararmu ga duk mai son gwada alƙalaminsa ita ce ya zaɓi aiki ɗaya a ƙauyen kakanninsa: famfo, ɗakin shan magani, ajin yaƙi da jahilci. Ya tambayi abu uku. Wa ya nemi a yi shi? Wa ke gyarawa idan ya lalace? Me matan garin ke cewa? Ya rubuta abin da ya ji da kunnensa, ko da bai yi wa mai bayarwa daɗi ba.

Mu dai mun koma. Mun nemi afuwar dagaci, garin ya zaɓi matasa biyu da za su koyi gyara, kowane gida kuma zai riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa. Allon ma mun cire shi. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, za mu faɗa muku ko ruwa na zuwa.

Allah ya sa mu dace.